Abin da Na Kawo wa Iya daga Masar

A gidanmu na unguwar Sheshe, idan an kwashe tuwo ba a zuba wa murhu ruwa. Iya ce ta hana. Ita ce kakata ta wajen uba, sunanta Falmata, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai ƙanenta da ke zuwa daga Maiduguri shekara-shekara. Sana'arta haɗa turaren wuta irin na mutanen Barno, ta gaje shi a wurin uwarta, don haka garwashi a wurinta ba abin wasa ba ne. Da an idar da sallar isha'i sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno gaban murhu, ta ɗebi garwashi a kasko, ta barbaɗa sabon haɗi ta ji ko ya yi. Mu kuma jikoki mu kewaye ta, wani da masararsa, wani da dankalin da zai tura cikin toka. Mu takwas ne, kuma duk ranar da aka yi rabon ranƙwashi ni ce ta farko a layi.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Cewa take yi, "Ga baƙuwa a ƙofar gida." Mu haɗa baki mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Sannan ta gyara zama, ta tura itace ɗaya cikin wuta, ta fara.

Akwai wadda ta fi maimaita mana, ni kuwa ita na fi tsana, domin babu aljani a cikinta, babu kura, babu ko 'yar waƙa da za mu amsa. Labarin wani saurayi ne mai suna Bawa. A garinsu duk wanda ya dawo daga tafiya ya ba da labari sai a ce ƙarya yake. Da zai bi ayarin fatake, sai ya rantse shi ba za a ƙaryata shi ba, shaida zai kawo a hannu. Ya ɗaura goruna da jakunkuna a kan jakinsa. Da suka shiga hamada, ya durƙusa ya cika jaka da yashi. Da suka zo gindin wani dutse da kansa ke cikin gajimare, ya sunkuya yana ɓantarar tsakuwa. A wani birni mai ƙofa bakwai, ƙasar ganuwa ya tsaya kankarewa. Da suka kai bakin teku, ya cika gora da ruwa ya toshe. Tsakanin wannan wuri da wancan kuwa idonsa na kan jaki, kada wani abu ya zube.

Bayan shekara uku ya dawo, gari ya taru a dandali. Ya zazzage yashi, aka ce ai irinsa ne a bayan gidan kowa. Ya fito da tsakuwa, yara suka ɗauke ta suka tafi wasa. Ya buɗe gora, ruwa ya yi wari, mutane suka toshe hanci. Sai wani tsoho ya ce, "Bar kayan nan, ɗana. Faɗa mana, shi tekun, ina ya tsaya?" Bawa ya ce, "Ban duba ba, Baba. Ina sunkuye ina cika gora."

A nan take tsayawa. Ni kuwa raina ya ɓaci.

"Iya, shi ke nan? Ba abin da ya cinye shi?"

"Wa zai ci wawa? Dabbar ma tana duba abin da za ta sa a bakinta."

"To me ya same shi?"

"Babu. Abin da ya same shi ke nan." Sai ta juya masarar wani da ta fara ƙonewa, ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, kowa ya kama ɗakin uwarsa."

Wallahi a lokacin gani nake cuta ce. Mun zauna hayaƙi na shiga mana ido, a ƙarshe a ce mana babu.

Shekara talatin da wani abu suka wuce. Na zama malamar makaranta, na yi aure a Dala, Iya kuma tana nan a ɗakinta na Sheshe, ta haura casa'in. Idonta ya tafi gaba ɗaya, amma hancinta da kunnenta lafiya lau. Tun kana zaure za ta faɗi sunanka, ta kuma faɗi abin da ka ci. Bara wani kamfanin tafiye-tafiye ya shirya yawon buɗe ido na kwana shida zuwa Masar, na ce ni ma sau ɗaya a rayuwa bari in je in ga duniya.

Kuskurena na farko shi ne zagayen sallama. Ka san halinmu, ba a tafiya ba a yi wa dangi sallama ba, kuma ba a yi maka sautu ka ce a'a. Kafin in gama zaga gidaje, takardata ta cika gaba da baya. Anti Rabi, ƙanwar babana, abaya biyu kalar toka. Ƙanwar mijina takalma. Wannan jallabiya, wancan hula, wata ma labule take so, labule fa! Kowa na ce masa in sha Allahu.

Ɗakin Iya na shiga a ƙarshe. Na ce, "Iya, ke me za a kawo miki?"

Ta laluba ta kamo hannuna. "Za ku je bakin Nilu?"

"Har jirgin ruwa za mu shiga."

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Mahaifinta ya je Makka a ƙasa, shekara bakwai tafiya da dawowa, ya kuma zauna karatu a Masar a wani ƙauye na bakin kogin. Yakan ce da asuba kogin yana da wani ƙamshi da bai sake jin irinsa a ko'ina ba. Duk haɗin da uwarta ta yi, sai ya shaƙa ya ce, ya yi daɗi, amma ba shi ba ne. Ita ma da ta gaji sana'ar ta yi ta gwadawa har ya rasu, bai taɓa cewa ta samo ba.

"Ba na son komai na kasuwa," in ji ta. "Ki je bakin ruwan da asuba, ki zauna, ki shaƙa. Ki dawo ki faɗa min abin da ke cikinsa. Ke jikata ce, hancinki ba zai rasa ba."

Na ce, "Wannan ai shi ya fi komai sauƙi." Allah ya yafe min wannan magana.

Mu talatin ne a tawagar, da jagoranmu, wani Bamisire mai ɗauke da 'yar tuta rawaya, wanda tun da muka sauka har muka taso ban ga ya yi tafiyar nutsuwa ba. Ko'ina muka je magana ɗaya ce: minti ashirin, ku dawo mota. Ranar farko aka kai mu wurin manyan gine-ginen duwatsun nan na fir'aunoni. Ina ɗaga waya zan yi hoto, sai ga kiran bidiyo daga Anti Rabi. "Juya in gani! Kai, masha Allah. To Hafsatu, kada fa ki manta, toka na ce, ba ruwan ƙasa ba." Kafin ta sauka minti ashirin sun cika, tuta ta yi gaba.

Rana ta biyu gidan tarihi da tsofaffin masallatai, daga nan aka sake mu a kasuwa. Sauran mutane suka zauna shan shayi suna kallon gari, ni kuwa na shiga lungu-lungu da takarda a hannu kamar 'yar aike. Rabin awa na yi ina sa'insa da wani mai shago, shi ya ce toka ce, ni na ce ba toka ba ce. Rana ta uku muka gangara kudu a jirgin ƙasa, aka nuna mana wani wurin bauta na mutanen da, mai ginshiƙai waɗanda mutum biyar ba za su rungume ɗaya ba. Na san haka ne don yana cikin hotunana. Rana ta huɗu kaburburan sarakuna a cikin duwatsu. Rana ta biyar aka sa mu a kwalekwale mai babban ƙyalle da iska ke turawa, awa ɗaya cak, da tsakar rana, man da na shafa na narkewa a fuska. A cikin kwalekwalen nan, a tsakiyar Nilu, ƙanwar mijina ta kira ta ce ta yi kuskure, lambar ƙafarta arba'in ce ba talatin da tara ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, kwana biyu muka yi a otal ɗin da ke bakin kogin. Bakin kogin fa, ana hango ruwa daga taga. Asubar farko na yi sallah na ce bari in ɗan miƙe, ƙafafuna sun kumbura, ai akwai gobe. Goben kuwa tun kafin a kira sallah aka buga mana ƙofa, mota za ta kai mu filin jirgi. Ina ta fama da akwati uku da sikeli, ina cire labule daga wannan ina cusa shi a wancan. Sai da na zauna a mota na tuna da Iya. A filin jirgi na shiga shago na saya mata kwalbar turare mafi kyau da na gani, ina ce wa kaina ai wannan ma ƙamshin Masar ne.

Na dawo aka yi ta murna. Kowa ya karɓi sautunsa. Anti Rabi ta ɗaga abayarta a rana ta ce, "Ba laifi, amma ta ɗan yi duhu." Ban tanka ba, don da na buɗe baki da an ji mu har unguwar Shahuci.

Kwana uku ina kewaye ɗakin Iya. A na huɗu na shiga, na durƙusa na gaishe ta, na sa mata kwalbar a hannu. Ta buɗe ta kai hanci sau ɗaya.

"An gode. Akwai shi a kasuwar Kurmi." Ta ajiye a gefen katifa. "Ina sautuna?"

Ka ga wautata, waya na zaro. Har na fara cewa, "Iya, kin ga nan," sannan na tuna wa nake nuna wa. Kunya ta sa na shiga kame-kame. Na ce kogin faɗi gare shi, ga iska mai sanyi, ga ƙamshin furanni yana tashi ko'ina.

"Wane fure?"

Na mayar da wayar cikin jaka.

"Hafsatu, na fi shekara saba'in ina shirya wa yara labari. Na san wanda aka gani, na san wanda aka ɗinka. Ba ki je ba."

"Ban je ba, Iya."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "To a kwana shidan nan, faɗa min abu ɗaya da kika kalla da idonki. Ɗaya tak."

Na lalubi kaina, duk abin da na kamo sai in ga hoto ne nake tunawa, ba wurin ba. Can sai abu ɗaya ya faɗo min. A hanyar filin jirgi cajin wayata ya ƙare. Wani amalanken rake ya tare hanya a wani ƙauye, motarmu ta tsaya kamar minti uku, gari ya fara wayewa. Ga kogin nan dab da titi, ga wata mata a tsugune a bakin ruwa tana wanke tukunya.

Iya ta miƙe zaune. "Wace irin tukunya?"

"Ta dalma, gindinta baƙi ƙirin."

"Da me take dirzawa?"

"Da laka. Tana ɗebowa da hannun hagu, tana murzawa da tafin dama. Ta naɗe hannun rigarta, baƙar riga ce, bakinta ya jiƙe. Akwai wani farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu a tsaye kusa da ita, ko tsoronta ba ya ji. Hayaƙi na tashi a bayan gidajensu, ruwan kuma kamar yana tururi."

Ni kaina na yi mamakin yadda abin ke fitowa. Iya tana gyaɗa kai, bakinta na motsi.

"Lokacin ke nan," ta ce a hankali. "Daidai lokacin da babana yake faɗa. To me kika shaƙa?"

"Gilashin motar ba ya buɗuwa, Iya. Iyakwandishan ne a ciki."

"Ƙofa fa?"

"A rufe take. Ban ce a buɗe ba."

Ta koma ta kishingiɗa, ta ce in miƙo mata carbinta.

Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Taku goma ne tsakanina da ruwan. Ni da na iya tsayawa rabin awa ina musu a kan kalar abaya, na kasa ce wa direba ya buɗe min ƙofa na minti ɗaya, wai kada in ɓata wa jama'a lokaci. Da ina yarinya na ɗauka labarin Bawa na wawaye ne, irin waɗanda ake gani a gane. Ashe mutum zai iya haddace tatsuniya tun daga farko har ƙarshe, ya yi digiri, ya koyar da 'ya'yan wasu, sannan ya hau jirgi ya je ya aikata ta tsaf. Wayata cike take da hotuna, ba ko ɗaya da zai amfani wadda ta fi kowa son jin labarin. Mijina ya ce in kwantar da hankalina, wata shekara ma koma. Na ce masa ita Iya shekara nawa aka ce maka ta rage mata?

Duk Juma'a ina zuwa gaishe ta. Ba ta sake tayar da maganar ƙamshin ba, ko sau ɗaya. Sai dai idan na gama gaisuwa ta ce, "Ba ni labarin matar nan." In fara daga amalanken rake, in zo kan laka, in zo kan tsuntsu. Minti uku ne cikin kwana shida, ba ni da abin ƙarawa, kuma ba na ƙarawa. Duk sanda na kusa kaiwa wurin gilashin, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan. Koma kan tukunyar."