Injiniyar da Ta Hana Inji Cin Yatsu

Kullum da safe, kafin ta leƙa ofis, bola take fara zuwa. Mace da digirinta da tabarau, tana tonon tarin bokitan roba da kamfani ya zubar saboda sun fito a lalace! Ta zaɓi biyu ko uku, ta sa zarto ta raba su, ta ƙura wa bakin yankan ido. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba mata Gwaggo Tsintau. Mijinta kuwa cewa yake, "Ni dai na auri injiniyar bokiti, amma wanda ke riƙe ruwa ko ɗaya ba ta taɓa kawowa gida ba."

Aikinta zana mazubi ne, wato ƙarfen nan mai ɓari biyu da inji ke ɗura wa narkakkiyar roba, ya matse, ya buɗe, bokiti ya fito. To, a da bokitin maƙalewa yake yi, sai mai kula da inji ya zura hannu ya ɓamɓaro shi kafin ƙarfen ya sake rufewa. Wata rana ƙarfen ya riga wani ma'aikaci da ake kira Dogo, ya tafi da yatsunsa biyu.

Manaja ya ce tsautsayi ne, a riƙa kula. Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke jiran hannun mutum tun safe har yamma ba tsautsayi ba ne. Laifin mazubin ne, kuma mu muka zana shi."

Ta shiga bincike ba ji ba gani. Zanenta na farko ya watsa mata ƙasa a ido: bokitai suka fito a karkace kamar hular da aka zauna a kai. An yi dariya, har da masu cewa ta koma kicin. Abin ya yi mata zafi, ta yi kukanta a mota, ta share fuska ta koma bola. Can ta lura duk a gindi robar ke kamawa, inda zafi ke daɗewa. Sai ta matso da hanyar ruwan sanyaya ƙarfe kusa da wurin, ta ɗan karkata bangon mazubin don bokiti ya riƙa zamewa, ta buɗe wata 'yar kafar iska da za ta turo bokitin.

Ranar gwaji aka yi cirko-cirko. Ƙarfe ya buɗe, bokiti ya faɗo tim, ba wanda ya taɓa shi. Aiki ma ya ƙara sauri, manaja sai washe baki yake.

Gwaggo, ke ce kika ƙi yarda a ɗora wa ƙaddara abin da alƙalami zai gyara. Uwar mazubi, muna alfahari da ke!

A wajen sallamarta da ta yi ritaya, Dogo ya miƙe, ya jawo 'yarsa da ta fara aiki bana. Ya ce, "Gwaggo, a injin da ya ci ni aka sa ta, kuma ni na raka ta da kaina. Ko ɗar ban ji ba."

Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu zane a ofis, kafin ku ce zane ya yi, ku sauko ku ga hannun wa zai shiga ciki.