Hawan Hasumiya da Alhaji Mamman

Har gobe idan na ga matakala sai na tuna ranar da muka shiga tsohuwar majami'ar nan ta Beljiyam. Lokacin ina magatakardan Alhaji Mamman, mai tayoyin gwanjo a unguwar Adjamé, ni ne kuma tafintansa.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, kamfanin da ke turo taya wakili ɗaya yake naɗawa a gari. Mun samu labari cewa mai kamfanin, wani Bature da muke kira Mushe Luk, yana ganin Alhaji ya tsufa, zai ba wani matashi na unguwar Treichville wakilcin. Shi ya sa muka bi shi har garinsu.

Maimakon ofis, sai Baturen nan ya ce zai nuna mana abin alfaharinsu. Gini ne na baƙin dutse, ƙofofi masu tsini, tagogi na gilashi kala-kala. Gaskiya ya burge ni. Da muka zo gindin hasumiya, Luk ya nuna Alhaji ya ce, "Za mu hau sama, Papa zai jira mu a benci."

Na fassara. Alhaji ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa.

"Patron, babu asansa fa, wato na'urar hawa sama," na ce.

"Ilu, gwada ni yake yi. Shige bayana."

Matakalar murɗaɗɗiya ce, ga ƙunci, Alhaji kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, shi kaɗai ya cike ta. Luk na gaba yana zuba tarihi, ni ina baya ina tura maigida da ka. Duk sanda Luk ya waiwayo, sai Alhaji ya ce, "Ça va!" wato lafiya lau, ni kuma ya taka mini yatsu.

A hankali tarihi ya ƙare, sai haki. Muna isa sama Bature ya zube, fuska jawur. Alhaji ya tsaya a kansa yana yi masa fifita da hannun riga.

"Yako, sannu yaro. Ilu, tambaye shi, wa ya tsufa?"

Luk ya yi dariya har da tari, ya miƙo hannu. A nan aka ba mu wakilci.

Yana sauke mu a otal Alhaji ya kife a gado. Na yini ina shafa masa man zafi yana kiran sunan mahaifiyarsa, sallar ranar duk a zaune ya yi. Da tausayi ya kama ni na ce ai da ya jira a bencin, sai ya ɗago kai da ƙyar.

"Ɗan kasuwa ba ya nishi sai mai kaya ya juya baya. Matsa nan, gwiwar hagu."