Sunan Innarmu a Yanbu

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Ƙurban a Madina, ni da Baba da Gwaggo, muka nufi Yanbu, inda yayata ta haifi mace, washegari suna. A bakin masallacin Ƙuba muka tsaya, Baba ya sayi gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, na riyal uku. Gwaggo ta ce ful ɗin Madina ya fara ruwa-ruwa, amma ita ta share kwanon.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, baƙaƙen duwatsu dama da hagu. Bayan Badar ƙasa ta buɗe, raƙuma na kiwo ba makiyayi, iska ta fara ɗanɗanon gishiri. Ni kuwa hankalina na kan abu ɗaya. An yanke za a mayar wa jaririyar sunan Innarmu, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma Gwaggo ta riga ta zaɓi na alkunya, Walida. Mu 'ya'ya ba ma kiran sunan uwa. Baba ma tun tana raye “maman yara” yake cewa. Ina tsoron a ba yarinya sunan, a sake rufe shi, har na manta yadda yake fita a baki.

Yanbu gari ne mai danshi, mayafi na manne wa mutum. Washegari aka yanka rago, aka ci shinkafa da kifi, liman ya faɗi sunan sau ɗaya a ɗakin maza. Mu a ciki guɗa kawai muka ji.

Kwana biyu bayan suna maƙwabciyar yayata ta shigo da faranti cike da alewa mai zuma. 'Yar Girka ce, Eleni, mijinta injiniya ne a tashar jiragen ruwa. Na zaci ranar haihuwarta ce ta zagayo, na yi mata barka. Ta yi dariya, ta ce da guntun Larabcinta yau ranar sunanta ce. A ƙasarsu kowane suna da ranarsa a shekara, duk mai sunan sai ya buɗe ƙofa ya ciyar da baƙi. Ita sunan kakarta ta ci, kuma ranar nan tana tashi da tsohuwar a ranta, don a faranti ɗaya suke raba alewa tana ƙarama.

Ta ɗauki jaririyar, ta tambayi sunanta. Gwaggo ta ce, “Walida.”

“A'a, wanda aka rubuta a asibiti.”

Muka kalli juna. Yaya ta sunkuyar da kai. Eleni ta zaci mantawa muka yi, ta juya ga Baba da ke bakin ƙofa: “Ya hajj, kai ma ba ka sani ba?”

Gwaggo ta ce da Hausa, “Ji mata da tonon silili! Sai ka ce mai ba da katin iƙama na zama a ƙasa.”

Mijin Yaya ne ya cece mu, ya miƙa wa Eleni takardar asibitin. Ta karanta a hankali: “Bil-ki-su.” Ta maimaita, tana jijjiga yarinyar, har ta mai da shi waƙa. Na fita baranda na daɗe ina kallon teku. Ashe sunan yana da taushi haka.

Muka kamo hanyar dawowa. Gwaggo ta yi ta gyangyaɗi, kifin da ta sayo yana cika motar da ƙarni. Ni dai na fahimci su suna girmama na gaba da kiran suna, mu da rufe shi, kuma kowanne da abin da yake ci wa mai shi.

Da la'asar muka hango hasumiyoyin Harami. Muna shiga gida Baba ya ɗauki tarho don ya shaida wa Yaya mun sauka. Ina cire takalmi na ji ya yi gyaran murya har sau biyu.

“Lafiya lau muka iso,” ya ce. “Bilkisu ta samu barci kuwa?”