Dawar da Kaka Take Nema

Jama'a, ashe wata uku muna ba Kaka abin da ba shi ta tambaya ba!

Kullum a gida sai ta ce, "Dawa nake so." Mu haifaffun Makka, dawa ai magani ne da Larabci. Mu miƙa mata ƙwaya, ta kau da kai.

Yau ni da yayana Usama muka kai ta duwatsun Shafa shan iska. Muka wuce wurin shaƙatawa, muka shiga daji. Gajimare ya sauko har ƙasa, bishiyoyi kamar suna iyo cikin madara. Na sunkuya zuba shayi, na ɗago. Ga sandarta, babu Kaka!

Usama yana ta ƙwala kira. Ni kuma na shiga dube-dube.

Can muka hango ta. Ba takalmi, ta rungume bishiya, tana 'yar waƙa.

Na ce, "Kaka, yalla, mu tafi, lokacin dawa ya yi."

Ta yi dariya. "Ja'ira, ga dawa nan! Haka muke kiran daji a garinmu. Rabona da ita tun ina budurwa."

Wallahi da ƙafarta ta koma mota. Sandar tana hannuna.