Yatsuna Sun Sage, Nata Suna Ɗinkin Hula

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mata 'yan'uwana ke aiko wa wannan mujalla, yau ni ma na ɗauki biro, ko da yake riƙe shi wahala yake ba ni. Ina roƙon a sakaya sunana.

Lokacin da abin nan ya same ni, ni mai ƙunshi ce a cikin garin Daura, matar aure da 'ya'ya huɗu. Shekarun da suka biyo bayan ƙaddamar da Shari'a ne, an rage kiɗa a fili, shagalin biki ya koma cikin gida wurin mata, sai sana'ata ta samu kasuwa. Har daga Sandamu ake kawo mini amare. Da reza nake yanka salatif in fitar da fulawa siririya, in liƙa a ƙafar amarya in shafa lalle, idan aka ɓare sai mata su yi ta salati. Ina ji da hannuna fiye da kima. Idan aka yabi ƙunshin wata a gabana, sai na nemo masa aibi kafin hankalina ya kwanta. Da wannan halin na shiga jinya.

Ina wanka na ji wani ƙullutu a mamana na hagu. Daga asibitin garinmu aka tura ni Kano, aka tabbatar kansa ce, wato ciwon daji. Aka yi mini aiki, sannan aka ɗora ni a kan kemo, maganin nan da ake ɗura wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa, bayan 'yan makonni ya sake komawa. A tashar mota na haɗu da wata baiwar Allah 'yar garin Babban Mutum, ta girme ni, sana'arta ɗinkin hula. Ciwonmu ɗaya, ranar komawarmu ɗaya, sai muka zama abokan tafiya. Ina ce mata Yaya, tana ce mini ƙanwata. Tare gashinmu ya zube. Idan amai ya taso mini a hanyar dawowa ita ke riƙe mini leda, ita ke roƙon direba ya tsaya. Kullum tana tafe da kwaɗon zogale a ɗan kwano, mu ci tare kafin a kira mu.

Da aka canza mana ruwan magani zuwa kashi na biyu, sai na fara jin kamar tururuwa na yawo a yatsuna, daga baya suka sage. Likita ya ce sananne ne, maganin yana taɓa ƙananan jijiyoyi, wasu sukan warware bayan an gama, wasu kuma abin yakan zauna. Ban daina karɓar aiki ba. Wata rana ina yanka salatif a gaban wata amarya, sai gwaggonta ta riƙe mini hannu tana tambayar jinin mene ne a kan tabarma. Ashe na yanki ɗan yatsana sosai, ban ji komai ba. Suka yi mini sannu, suka ce in huta, suka ɗauki amaryarsu suka kai wa wata. Kafin wani lokaci ƙofar gidana ta yi tsit.

A wannan halin ne zuciyata ta juya wa Yaya. Muna cikin mota, mota na tsalle a ramuka, ita kuwa ta zaro hularta tana ɗinki, allura na shiga tana fita, ko kuskure babu. Zare ya ƙare ta zura wani a kafar allura ba tare da ta sake gwadawa ba. Ni ko maɓallin rigar autana ba na iya sawa. Sai in kawar da kai. Nakan tambayi kaina me ta fi ni da shi, magani ɗaya ake ɗura mana, gado kusa da gado. Har na kai matsayin da idan ta soki yatsanta ta ce wash, sai in ji sanyi a raina, in kuma ji haushin cewa ita tana jin zafin. Na daina cin kwaɗonta, na ce yana tayar mini da zuciya. Na fara riga ta zuwa tasha don in zauna inda babu wuri kusa da ni.

Wata rana na daure na tambaye ta abin da take sha. Ta ce babu komai sai abinci: zogalen nan, ɗan kurkum a cikin kunu, da zoɓo ba sukari. Ta ce ta tambayi likita, ya ce a matsayin abinci ba laifi, ya kuma gaya mata cewa masana suna bincike a kan wasu sinadarai na cikin tsirrai ko za su iya kare jijiyoyi daga ɓarnar kemo, amma ba a kai ga tabbatarwa ba, kada ta wuce abin da ake ci a kwano. Ban yarda ba. Na ƙudurta a raina akwai abin da take ɓoye mini. Daga cikin maganarta kuma rabin da nake so kawai na ɗauka, wato tsirrai suna kare jijiya.

Ranar kasuwa na sayo garin zogale, da kurkum, da ganyen shayi, na haɗa da wasu ƙwayoyi da wani mai lasifika ke tallatawa, wai an tace su daga itatuwa. Ina dafa haɗin har ya yi kauri ya yi baƙi, in sha safe da yamma, in bi da ƙwayoyin. Maigidana ya tambaya na ce shayi ne. Duk zuwa asibiti nas sai ta tambaye ni ko ina shan wani abu ban da nasu, in dube ta in ce a'a. Gaskiyar magana, ba lafiya kaɗai nake nema ba. So nake wata rana in zauna kusa da Yaya a mota in zana wa kaina fulawa a bayan hannu tana kallo.

Yatsun ba su dawo ba. Sai kasala, da ƙaiƙayin jiki, fitsarina ya canza kala. Maigidana ne ya fara lura idanuna sun yi ruwan ɗorawa. Da aka gwada jinina a Kano aka ce hantata ta taɓu, dole a dakatar da kemo. Likitan bai ɗaga murya ba da na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Hajiya, hantar da ke tace maganinmu ita kika ɗora wa wannan kaya. Kuma abin da ke kare ƙwayoyin jiki, ba mu da tabbacin ba zai kare har na ciwon ba. Da kin tambaya, da mun zauna mun duba tare."

Ina kwance a gida Yaya ta gama nata maganin. Da labarin ya iso mini, kuka na yi, kuma ba na murna ba. Ba a jima ba sai ga sallamarta a tsakar gida, ta biyo motar kasuwa takanas don ta duba ni. Na juya fuskata bango kamar mai barci. Ta zauna a bakin katifa, can na ji tana cire safa. Ta ce, "Ƙanwata, juyo ki ga wani abu." Na juyo. A tafin ƙafarta akwai ƙuna mai faɗi da ta fara ruɓa a gefe. Ta ce garwashi ta taka a madafa, ba ta sani ba sai da ta ji ƙauri. Tun farkon kashi na biyu ƙafafunta suka mutu, tafiya take kamar a kan auduga, ta faɗi a banɗaki ba sau ɗaya ba. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "Na ga kina kukan hannu, da shi kike ciyar da 'ya'yanki. Ina zan ƙara miki da nawa?"

A nan na faɗa mata duk abin da ke raina, na nemi ta yafe mini. Ta yi murmushi ta ce ai ta gane tun ranar da na ƙi kwaɗonta, kuma ba ta riƙe ni da komai ba. Da hantata ta warware aka ci gaba da maganina, na gama a makare, Allah Ya ba ni rai. Babban yatsana da manuni na dama ba su dawo daidai ba har yau, na bar ƙunshi, garin lalle nake sayarwa. Ita kuwa ashe nata ciwon ya riga ya yi nisa kafin a gano shi. Ya dawo mata a ƙashi, ta rasu a daminar da ta biyo baya. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta.

'Yar'uwa, idan kina kan wannan magani, ki ci zogalenki a matsayin abinci, amma duk abin da za ki dafa ya yi kauri, ko ƙwayar da aka ce daga tsiro take, ki fara kai wa likita ya gani. Idan yatsunki ko ƙafafunki suka fara sagewa ki faɗa da wuri, akwai gyaran da sukan yi wa maganin. Kada kuma ki auna jinyarki da ta maƙwabciyar gadonki. Na ɓata watannin ƙarshe da nake da su tare da matar da ta fi kowa tausaya mini ina ƙyashin hannunta, ban taɓa tambayarta ita ina ne ke mata ciwo ba.