Baturiyar da Ta Taɓa Ƙafata

Jama'a, wallahi da ni wannan ya faru, ba a bakin wani na ji ba. Shekarun baya ina gadin wani tsohon gida a GRA ta Bauchi, masu gidan sun ƙaura, daga ni sai bishiyoyin mangwaro. Matata ta rasu, 'ya'yanmu uku sun riga ta, ga gyambo ya kama ni a ƙwauri, har likita ya ce in bai rufe ba sai an yanke ƙafar. Wa zai ajiye mai gadi da ƙafa ɗaya?

Wata rana bayan la'asar ina zaune ina bitar karatunmu na yaƙi da jahilci, da ƙarfi nake yi don dai in ji murya a gidan, sai ga wata tsohuwar Baturiya tsaye cikin farar riga har ƙasa, alhali ƙofa a kulle take, makulli yana aljihuna. Na kawo mata ruwa a moɗa kamar yadda ake yi wa baƙo. Ba ta sha ba. Da Hausa tsantsa ta ce, "'Ya'ya nawa ka binne?" Na ce uku. Ta ɗaga yatsu biyar, ta dafa ƙirjinta.

Sai ta tsoma hannu a ruwan, ta durƙusa, ta ɗora a kan gyambon, bakinta yana motsi. Ni kuwa ina da alwala, ga ta mace ba muharramata ba, sai na janye ƙafar kafin ta gama. Ta dube ni kamar za ta yi kuka. Na sunkuya in gyara tsumman ɗaurin, ina ɗagowa, ba kowa.

Gyambon ya rufe, sai wuri ɗaya kamar kan yatsa.

Daga baya na ga hotonta a bangon shagon Madam, wata 'yar Ibo mai sayar da magani a Ƙofar Wambai. Madam ta ce Ba'amurkiya ce mai wa'azi, gari-gari take bi da tanti tana yi wa marasa lafiya addu'a, bayan ta binne 'ya'yanta biyar. Na ce ai ta zo wurina. Madam ta yi dariya, ta ce da irin tata Hausar: "Baba, wannan ya mutu tun ba a haifi babanka ba. Ko Afirka bai taka ba."

Har yau wurin nan na ƙafata yana tsattsafo da ruwa mai sanyi, ko a tsakiyar bazara. Kullum la'asar nakan ajiye moɗa, ba ta dawo ba. Ni dai ban san abin da na gani ba, Allah ne masani. Amma in wani ya durƙusa don ciwonku, ku bari ya gama.