Waƙar Lawal da Na Sata

Kafin a kira ni ɓarawo a gaban alƙali, ni ɗan gidan mutunci ne a Ƙofar Guga. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, har ya ajiye aiki ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na karanci ilimin kwamfuta a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo Katsina na zauna ba aiki. Na rubuta wannan ne domin matasa masu sha'awar aikin sauti, waɗanda suke tsaye yau a inda na taɓa tsayawa.

Da zaman ya yi tsawo, mahaifina ya kai ni wurin abokinsa Malam Rabe, wanda ya daɗe yana kula da sauti a gidan rediyo kafin ya buɗe ƙaramin situdiyo a Ƙofar Durbi. Mawaƙan biki da masu bege da masu tallan magani duk wurinsa suke zuwa. Shi ya koya mini cewa ɗaukar murya rabin aiki ne, sauran rabin yana wurin gyara. Ya nuna mini ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a kan babbar manhajar haɗa sauti, waɗanda ake kira fulogin. Biyu daga cikinsu ba a rabuwa da su. Kwamfaresa tana danne inda mawaƙi ya ɗaga murya, domin inda ya yi ƙasa da ita shi ma a ji shi. Limita kuwa iyaka take sawa a ƙarshen aiki, don waƙa ta yi ƙarfi a waya da lasifikar Keke Napep ba tare da ta fashe ba.

Malam Rabe da waɗanda suka zo tare da manhajarsa yake aiki, sai wasu na kyauta da wata mai araha da ya saya da kuɗinsa. Ni kuwa na shiga kallon bidiyoyin ƙwararrun ƙasashen waje, ina ganin fulogin masu tsada da ake sayarwa da dala. Wata rana na ce masa, "Malam, da waɗancan muke da su, da aikinmu ya fi haka."

Ya ce, "Mi ka ji ya ɓaci a aikin?"

Na ce babu. Ya ce, "To kunnenka ya ce lafiya lau, idonka ne bai ƙoshi ba. Kuma ka daina shaƙe kalangu da kwamfaresa, ba barazana ya zo yi maka ba." Wannan ɗabi'ata ce da ya sha yi mini faɗa a kanta: ina matse kalangu har ya koma bayan murya, numfashin mawaƙi ya taso sama.

Ban ji maganarsa ba. Na shiga intanet na samo fasassun fulogin, wato waɗanda aka cire wa makullin lasisi, na sa a kwamfutata. Na ce wa kaina masu su suna can nesa, ba su san da ni ba, babu wanda na cuta. Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma ni na fara yarda da ita.

Ba a daɗe ba masu ƙananan situdiyo a cikin gari suka ji labari. Da farko kyauta nake sa musu, don a ce na iya. Daga baya na fara karɓar kuɗi. Daga nan na fara ce musu na asali ne, ta hannun wani abokina na waje nake sayowa, su kawo rabin farashi. Da yawansu ba su iya bincikawa ba, kuma ganin ni mai digiri ne, yaron Malam Rabe, ya ishe su shaida. In fulogin ya tsaya da aiki, sai in ce laifin kwamfutarsu ne, in sake karɓar ladan gyara.

A wurin sa musu fulogin ne idona ya faɗa kan abin da ya fi. Mai situdiyo zai bar ni da kwamfutarsa ya tafi salla ko cin abinci, ga waƙoƙin da ba su fita ba a jere. Akwai masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, waɗanda cinikinsu ya dogara ga samun sabuwar waƙa kafin kowa. Na san wani a cikinsu. Na kwafi waƙa ɗaya na kai masa, ya biya ni, babu abin da ya faru. Na sake. Mawaƙa suka fara ƙorafi, kowa yana zargin situdiyon da ya yi aiki, ni kuwa ina zaune ana tattaunawa da ni, har ina cewa duniya ta lalace.

Sai na kai hannu gidan da ya rene ni. Akwai wani saurayi, Lawal, ɗan acaba da ya zo daga ƙauye, mai murya wadda ban taɓa jin irinta ba. Ya sayar da babur ɗinsa don ya yi waƙarsa ta farko a wurin Malam Rabe, kuma ya shirya da wani mai tallata waƙoƙi cewa shi zai fara fitar da ita, sannan ya biya shi. An gama ɗauka, an haɗa kiɗa da murya, saura gyaran ƙarshe. Malam Rabe ya ce a bar ta ta kwana biyu, kunne ya huta. A cikin kwanakin nan na kwafe ta.

A nan na yi kuskuren da ɓarawon akuya ba zai yi ba. Da na saurare ta a ɗakina, sai na ji ba ta da ƙarfi, kuma raina bai yarda in sayar da waƙar da ba a gama ba. Na zauna na bi ta da kwamfaresa, na rufe da limita, na gyara ta tsaf kamar aikin da za a yaba mini. Sannan na kai wa mai turi.

Kafin mako ya zagayo waƙar tana tashi a shagunan caji da wurin masu shayi. Mai tallatawa ya janye, ya ce ba ya sayen abin da kowa yake da shi a waya. Lawal ya zo situdiyo da rana tsaka, ya tsaya a bakin ƙofa, maƙwabta suna ji.

Ya ce, "Baba Rabe, ni da kai da wannan yaron kaɗai muka san waƙar nan. Shi ɗan boko ne, mi zai yi da ita? Kai na ba amana."

Malam Rabe ya ce, "Lawal, wallahi ban fitar da ita ba."

Ya ce, "To aljanu suka fitar. Ka ce su maido mini babur ɗina."

Ina zaune a gefe. Na bar dattijo sa'an mahaifina yana rantsuwa a gaban jama'a a kan abin da yake cikin aljihuna. Daga ranar mawaƙa suka fara ɗauke ayyukansu daga wurinsa. Wasu ko sallama ba su yi ba, aike suka yi a karɓo.

Malam Rabe bai yarda ya saurari waƙar da ta fita ba, don baƙin ciki, sai da wani maƙwabci ya kunna ta a kusa da shi. Washegari da na iso ya ce in zauna. Ya kunna wadda take kwamfutarsa, sannan ya kunna ta gari. Ya ce, "Tawa ba a gama ta ba. Wannan an gama ta, kuma an shaƙe kalangu." Ya juyo ya dube ni. Na yi musu, na rantse, na ce masu matse kalangu suna da yawa. Ya ce haka ne, ya tashi ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Da aka kama mai turi, bai ɓata lokaci ba ya ambaci sunana. A kwamfutata aka sami waƙoƙin mutane da yawa, masu situdiyon da na yaudara su ma suka fito. Kotu ta same ni da laifin zamba da cin amana, aka kai ni gidan yari.

Ba zan tsawaita a kan zaman can ba. Akwai cunkoso da ƙaiƙayi da abincin da ba a tambayar sunansa. Mahaifiyata tana zuwa, mahaifina bai taɓa zuwa ba. Ta ce mini ya daina zama a majalisar ƙofar gida, daga masallaci sai ɗaki. A can na koma ga salla a kan lokaci, na roƙi Allah gafara, na kuma gane cewa hakkin mutane sai mutane sun yafe.

Da aka sake ni, na fara neman Lawal. Aka ce ya koma ƙauyensu yana noma. Na bi shi har gona. Ya saurare ni, ya ce, "Na ji. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Na tambaye shi ko yana waƙa, ya ce sai dai in yana huɗa.

Sannan na je Ƙofar Durbi. Inda situdiyo yake, na tarar da shagon tela. Malam Rabe yana gida, yana ba da hayar lasifika ga masu wa'azi da ɗaurin aure. Na durƙusa na nemi gafararsa. Ya ce, "Na yafe maka tun kana ciki, saboda mahaifinka. Kowa ya san yanzu ba ni ba ne." Na ce to me ya hana a sake buɗewa? Ya ce, "An wanke ni, amma ba su dawo ba. Mawaƙi ba ya tambayar wa ya sata, wurin da aka sata yake tunawa."

Yanzu ina gyara sautin karatu da sanarwa a ɗakina, da fulogin na kyauta da wata limita mai araha da na saya da gumina. Babu wanda ya taɓa sauraron aikina ya ce an yi shi da mai tsada ko mai araha.

Ƙannena masu wannan sana'a, ku fara da kwamfaresa da limitar da suka zo da manhajarku, ku san su sosai. Akwai na kyauta masu kyau waɗanda masu su da kansu suka bayar, akwai masu araha, masu tsadar ma ana rage farashinsu lokaci-lokaci. In ba ku da hali, ku haƙura har ku samu. Kada ku sa fasasshe, kada ku sayar da shi, domin wanda ya saba buɗe makullin da ba nasa ba, wata rana na maƙwabcinsa zai buɗe. In aka bar ku da kwamfutar wani, ku tuna abin da yake cikinta babur ɗin wani ne, da sunan wani dattijo. Ni na gama wa'adina na fito, amma Lawal yana gona, kuma a situdiyon Malam Rabe keken ɗinki ne yake ƙara.